RIGAR ULU DA DANSHI: ABIN DA KANWA DA BILIC KE YI MATA

Hunturu ya kawo jiki, an fara fito da barguna da rigunan sanyi da safar yara. Kafin uwargida ta jiƙa su a baho, ga abin da ya kamata a sani.

*Me ya sa ulu ya fi ɗumi?*

Ulu na gaskiya gashin tumaki ne, kuma sinadarinsa ɗaya da na gashin kanmu da farcenmu, wato keratin. Kowane silin ulu yana da baya da ciki. Bayan yana da ɓawo-ɓawo kamar na kifi, da wani siririn maiƙo da ke sa ɗigon ruwa ya gangare. Cikin kuwa mashayin danshi ne. Kilo 1 na ulu kan riƙe kusan giram 150 na danshi a iska mai matsakaicin laima, ya kai wajen giram 300 idan laima ta yi yawa, kuma ka taɓa ba ka ji jiƙa ba. Auduga kusan giram 80 take riƙewa a matsakaiciyar laima, zaren roba irin foliyesta ko giram 10 ba ya kaiwa.

Shi ya sa idan yaro ya yi gumi cikin dare, ulu ke shanye tururin, fata ta zauna a bushe. Yayin da yake shan danshin ma har ɗan ɗumi yake fitarwa. Rigar da ta jiƙe ta manne a jiki kuwa, zuƙe ɗumin jiki take yi.

*Gyaran da ake masa a masana'anta*

Ɓawon nan ne ke sarƙewa da juna idan an cuɗa ulu a ruwan zafi, sai rigar babba ta koma ta yaro. Don maganin haka masu bincike a Ostiraliya da Ingila suka fito da wata hanya: a bi ta kan ulu da ɗan kulorin gwargwadon awo, ya lallausa ɓawon ya cire maiƙon, sannan a shafe shi da wani siririn ƙaro. Shi ne za ka ga an rubuta Superwash a takardar wuyan riga. Irin wannan ba ya tsukewa a wanki, amma ruwa na saurin kama shi, tunda maiƙon ya tafi. Cikinsa dai yana nan yana shan danshi kusan kamar da, domin gyaran a baya ya tsaya.

*Ɓarnar da muke masa a gida*

Kanwa da soda da bilic ba a baya suke tsayawa ba, har ciki suke shiga su tsinka abin da ke ɗaure silin. Duk macen da ta taɓa barin man miƙar da gashi ya daɗe a kanta ta san abin: gashi ya bushe, ya yi ta karyewa, ruwa na taɓa shi ya jiƙe sharkaf. Haka ulu ke komawa. Ya yi kaushi, fari ya koma ɗorawa-ɗorawa, ya fara soke fata da ƙaiƙayi. Bilic mai ƙarfi ma narkar da shi yake yi. Garin wankin da aka yi don cin tabon jini da nama shi ma yana cin ulu, tunda danginsu ɗaya.

*To yaya za a yi?*

1. A wanke da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, da sabulu mai laushi ko sabulun ruwa na wanke gashi.
2. Ban da kanwa, ban da bilic, ban da cuɗawa da murɗewa. A matse a hankali.
3. A shimfiɗa a inuwa ya bushe, kar a rataye shi da nauyin ruwa.
4. Ba kullum yake son wanki ba, shan iska kan wadatar.
5. Mai ƙaiƙayin fata da jariri a sa musu ta auduga a ciki, ulu a sama.

Maigida, in za ka sayi gwanjo ka lura, yawancin abin da ake kira ulu a kasuwa roba ne. Tsinko sili ɗaya ka kusanta shi da ashana: na gaskiya warin ƙonannen gashi yake yi ya mutu da kansa, na roba narkewa yake ya dunƙule.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya. A tura wa 'yan uwa su amfana.