Yadda Ake Gano Tsaga A Cikin Ƙarfe Ba Tare Da An Fasa Shi Ba

Duk wanda ya taɓa raka tsohuwarsa sayen tulu a kasuwar Shagari ya san ba ta biyan kuɗi sai ta ƙwanƙwasa shi da yatsa. In ya yi ƙara rau, lafiyayye ne. In kuwa ƙarar ta dushe, to akwai tsaga, ko da ido bai gan ta ba. Ashe wannan dabara ce masana suka ɗauka suka kai ta nesa.

Abin da ya sa na bi diddigin maganar shi ne, kawuna mai walda ne a Boɗinga. Bara ya liƙe wa wani mutum ƙarfen amalanke, aiki ya yi sumul. Kwana uku ƙarfen ya karye a hanya da kayan albasa, saura kaɗan ya danne yaron da ke kora jakin. Da aka duba, sai ga wani ɗan kogo a tsakiyar waldar. Kawu ya biya, amma ya ce shi ba ya ganin cikin ƙarfe. Ai kuwa da gaskiyarsa.

To, akwai na'urar da ke gani. Kunnenmu ba ya jin sautin da ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa ɗaya, ita kuwa wannan na'ura takan aika mai girgiza miliyan 2 zuwa 5, har fiye. Wani Ba'amurke, Floyd Firestone, shi ya sami rajistar irinta a 1942. Akan shafa mai ko ruwa a jikin ƙarfen tukuna, domin iska tana tare sautin. Sa'an nan sautin ya shiga yana gudun mita kusan 5,900 a daƙiƙa, ya bugi bayan ƙarfen ya komo kamar amsa-kuwwa. In ƙarfen kaurinsa milimita 20 ne, zuwa da komowa kashi 7 ne kacal cikin miliyan na daƙiƙa. In amsar ta komo a rabin wannan lokaci, an san wani abu ya tare ta a tsakiya.

Na'urar farko baki ɗaya gare ta, saboda haka gefe ɗaya take dubawa. Ta yanzu tana da ƙananan bakuna jere, 16 ko 64 ko ma 128. Na gwada misalinta da abokaina a bakin tafki. Muka jeru muka saki tsakuwa gaba ɗaya, igiyar ruwa ta miƙe sak. Da muka saki ɗaya bayan ɗaya da sauri, sai ta karkata gefe. Haka kwamfuta ke jinkirta wa kowane baki kaɗan kaɗan, ta juya sautin inda take so, ko ta tara shi wuri guda, ba tare da an motsa na'urar ba. Daga nan sai ta haɗa amsoshin su zama hoto, ɗan'uwan wanda ake yi wa mata masu juna biyu a asibiti.

Ku dubi bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, tsawonsa kilomita 614. In kowane guntu mita 12 ne, kamar yadda aka saba, mahaɗun walda sun haura 50,000, kuma ƙasa za ta rufe su. Ba mai yanka su don ya duba.

Na gaya wa kawu duk wannan. Ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni kuɗinta.