Ƙwayar Maganaɗisu Ɗaya a Cikin Ƙarfe Mai Sanyi

Wanda ya taɓa cajar waya a N'Djamena cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san tana ɗumi a hannu. Wutar lantarki ce ke ɓacewa a hanya, don ƙarfe na yi mata tirjiya. A 1911 Kamerlingh Onnes, a birnin Leiden na Holan, ya sanyaya zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, sai tirjiyar ta ɓace ɗungum. Irin wannan ƙarfe ake kira sufakwandakta.

Sai a 1957 aka gano dalili: ilektiron-ilektiron ɗin cikinsa bibbiyu suke tafiya, kamar shanun huɗa a karkiya ɗaya. To, idan ƙwayar zarra mai maganaɗisu ta faɗo tsakaninsu fa? Jan ɗaya daga cikin biyun take yi. In janta ba ƙarfi, karkiya ta riƙe, sai dai wani ɗan tabo ya bayyana kewaye da ita. In jan ya kai wani mizani, sai ta raba su, ta riƙe ɗaya, shi kuma ya lulluɓe maganaɗisunta. Abin da ke ɗaure mini kai, ba zafi ke kawo wannan juyi ba, yadda yake narkar da ƙanƙara. Ko a ƙarshen sanyi yana faruwa. Ƙarfin jan kawai ke yanke hukunci.

Mutum uku suka hango tabon, kowa a ƙasarsa: Yu Lu a Sin a 1965, Shiba a Japan a 1968, Rusinov a Tarayyar Sobiyet a 1969. Da alƙalami da takarda suka yi aikin. Wannan nake so ɗalibanmu na tsangayar kimiyya da ke Farcha a N'Djamena su ji, domin lissafin bai jira na'ura ba. Sai a 1997 Ali Yazdani da abokan aikinsa a IBM suka ga tabon kewaye da ƙwayar manganis guda a kan niyobiyam. A 2011 Katharina Franke a Berlin ta ga halayen biyu, kafin juyin da bayansa, a kan dalma.

Yanzu ana jera ƙwayoyin baƙin ƙarfe masu maganaɗisu a layi kan dalma, kamar yadda aka yi a Princeton a 2014, ana neman tubalin kwamfutar kwantam. Masana na nan suna gardama kan abin da aka gani a bakin layin.