Hanya da Tsaron Ƙasa a Tambawal da Kebbe: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda ne domin Hakimai da malamansu na kudancin Jihar Sakkwato, musamman na ƙasar Tambawal da ta Kebbe. Abubuwa uku talakawa ke yawan kawo kuka a kansu a ƙofar Hakimi: ɓarnar 'yan bindiga, da lalacewar hanyoyi, da cewa an mance da su. Nufinmu shi ne a ga yadda ukun nan su ke a ɗaure da juna, a kuma ga abin da ke samunsu duk sa'ad da mulki ya fita daga wani hannu ya koma wani.

Yadda ƙasar ta ke

Garin Tambawal yana bisa babbar hanyar Tarayya wadda ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega da Yawuri da Kwantagora, kamar mil 60 daga birnin Sakkwato. Kebbe kuwa tana can kudu, a gefe, ba ta kan wannan hanya. (Kada a rikita ta da Kabi, watau Jihar Kebbi, sunayen ne kaɗai su ka yi kama.) A zamanin da Jihar Sakkwato ta ke ɗaya, Kebbe tana tsakiyar ƙasa ne, Gummi daga gabas, Jega daga yamma, duk ƙarƙashin Gwamna guda. Sai aka yanke Jihar Kebbi a 1991, aka kuma yanke Zamfara a 1996. Daga nan Kebbe ta wayi gari a bakin iyaka, jihohi biyu sun sa ta a tsakiya, alhali ba ta gusa ko taki ɗaya ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hanyar da ta tsallaka iyakar jiha ta zama kamar jakin gayya, kowa ya hau, ba mai ba shi dusa. Haka kuma ɓarawon da ya kori shanu a wannan jiha, in ya shiga waccan, sai masu bin sawu su tsaya neman izini.

Tambawal dai tun asali garin tsaro ne. Ribaɗi ne, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna yana tare Kabawa. Mutanen wancan zamani sun gane cewa ba a tsare iyaka daga cikin birni, sai an dasa mutane a wurin, an kuma bar musu hanyar da gudummawa za ta iske su. Daga zuriyar Buharin nan ne aka sami Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, haifaffen Dogon Daji, wanda ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996.

Abin da hanya ke yi wa tsaro

Ɓarnar 'yan bindiga ta fi tsanani a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, har a 2021 Gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da yawa. Amma dazuzzukan Zamfara ba su da nisa da Kebbe da Tureta, ɓarnar kuwa ta riga ta taɓa ƙauyukansu. Ko Tambawal ta ga abin da ba ta taɓa gani ba a ƙarshen Disamba na 2025, sa'ad da Amurka ta kai hari ta sama a kan 'yan ta'adda a cikin jihar, wani ɓangare na makaman ya faɗo a Jabo.

To, a lura da wannan. Ɗan bindiga a kan babur ya ke, ba ya bukatar kwalta ko gada, turbar shanu ta ishe shi. Soja da ɗan sanda kuwa a mota su ke, da kaya masu nauyi. Saboda haka duk inda hanya ta mutu, ɓarawo ne ya ci riba. Kwalbati guda in ruwa ya cinye shi a watan Agusta, ya isa ya raba ƙauyuka goma da taimako har kaka. Ƙasar Kebbe ga ta da fadamu, Gulbin Zamfara ya ratsa ta, da damina wurare da dama sai a kwalekwale. Albarkar ke nan da ke ba da shinkafa da albasa, ita ce kuma ke hana mota wucewa. Manomin da lori ba ya isa gonarsa, dole ya sayar da amfaninsa yadda ɗan kasuwa ya ga dama. Samarin da su ka ga noma ba ya biya sai su tafi cin rani, gari ya rage tsofaffi da mata. Irin wannan gari shi ɓarayi ke so.

Kukan an mance da mu

Wani zai ce, ina dalilin wannan kuka, ga shi kudancin Sakkwato bai taɓa rasa manya ba? Gaskiya ne. Alhaji Shehu Shagari ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambawal a Majalisar Wakilai daga 2003, ya zama Shugabanta daga 2011 zuwa 2015, sa'an nan ya yi Gwamna har 2023. Amma ɗan ƙasa ya hau kujera daban, mota ta isa ƙauye daban.

Dalili shi ne hanyoyi iri uku ne, kowace da mai ita: ta Tarayya, da ta Jiha, da ta ƙaramar hukuma. Wannan ta ukun ita ce a da ke hannun En'e, kafin gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976. Manyan ayyuka su ne ke jan ido, kamar babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri wadda aka fara a 2024, mai tsawon fiye da kilomita 1,000. Ba mai musun amfaninta. Sai dai mutumin Kuchi ba ita zai bi ya kai matarsa asibiti ba. Ƙananan hanyoyin nan, waɗanda ba a yi musu bikin buɗewa, su ne a kan bari.

Sa'ad da mulki ya sāke hannu

Tun 1999 Gwamnoni huɗu aka yi: Attahiru Bafarawa, da Aliyu Magatakarda Wamakko daga 2007, da Aminu Tambuwal daga 2015, da Ahmad Aliyu daga 2023. Aikin hanya kuwa sau da yawa ya kan fi wa'adin wanda ya fara shi tsawo. In sabon shugaba ya zo da nasa tsari, ɗan kwangila ya kwashe injunansa, damina biyu sun isa su wanke cikon da aka yi. Kuɗin da aka kashe ya bi ruwa, sai an sāke daga farko.

A da, sarautar gargajiya ce ba ta motsi in siyasa ta juya. Yanzu ita ma canjin yana taɓa ta. A watan Afrilu na 2024 Gwamnatin Jiha ta sauke Hakimai 15 bisa dalilai daban-daban, har da na wannan yanki, a cikin shekarar kuma aka gyara dokar naɗin Hakimai da Dagatai. Ba aikin wannan takarda ba ne ta yi hukunci a kan haka. Abin lura shi ne, in Gwamna ya sāke, Hakimi ma ya sāke, ba abin da ya rage mai tuna alkawarin da aka yi wa gari sai abin da ke rubuce.

Abin da a ke bukata daga gare ku

Tun da aka bar karɓar haraji da jangali, littattafan gunduma da yawa sun mutu, rangadi ma ya ragu. Ya kamata kowane malamin Hakimi ya buɗe littafi guda na hanyoyi. A rubuta kowace hanya da sunanta, da tsawonta, da ƙauyuka da kasuwannin da ta haɗa, da mai ita a cikin hukumomin nan uku. A nuna wuraren da ke yankewa da damina, da watan da su kan yanke. In an ba da kwangila, a rubuta shekarar, da inda aikin ya tsaya. In an kai hari, a rubuta ta inda maharan su ka shigo, da tsawon lokacin da jami'an tsaro su ka yi kafin su iso, da abin da ya tsare su a hanya.

Dagatai su kawo labarin da baki, malami ya rubuta, Hakimi ya sa hannu. A aika da kwafi ga Shugaban ƙaramar hukuma da Majalisar Sarkin Musulmi kafin a tsara kasafin kuɗin shekara, ba bayan an gama ba. Hakiman da ke bakin iyaka su riƙa musayar wannan labari da takwarorinsu na Gummi da Jega. Littafin kuwa na gunduma ne, ba na mai rawani ba; ranar da aka yi sabon naɗi, a miƙa shi a gaban shaidu tare da sauran kayan ofis.