Gubar Agent Orange: Me Ya Sa Jerin Cututtukan Ke Ƙara Tsawo?

Daga 1962 zuwa 1971 jiragen sojan Amurka sun yi ta feshin maganin kashe ciyawa a dazuzzukan Biyetnam, don ganye ya kaɗe, maɓoyar abokan gaba ta tonu. Kusan galan miliyan 20 aka zuba, mafi yawansa Agent Orange ne, mai ɗauke da gubar dayoksin.

Wata dokar Amurka ta 1991 ta fara da cututtuka uku kacal da za a biya tsofaffin sojoji diyya a kansu: kansa iri biyu da wani ciwon fata. A 2001 aka ƙara ciwon sukari, a 2010 ciwon zuciya da cutar karkarwa ta Parkinson, sai dokar PACT ta 2022 ta shigo da hawan jini. Masu cin gajiyar ma sun ƙaru, don tun 2019 aka haɗa da sojojin ruwa da suka yi aiki a tekun da ke gaɓar Biyetnam.

Binciken likitoci ya taimaka, matsin lambar ƙungiyoyin tsofaffin sojoji ma haka. Amma babban dalili yana cikin dokar kanta: ba a cewa soja ya kawo hujjar gubar ce ta sa masa ciwo. In ya yi aiki a wurin a lokacin, kuma ciwonsa na cikin jerin, shi ke nan.

Nan masu suka ke tsayawa. Wanda ya je yaƙin yana saurayi yau ya haura saba'in, kuma wane dattijo ne ya tsira daga hawan jini ko sukari? Suna ganin ana biyan kuɗin tsufa da sunan guba. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, sai dai hukumar da ta yi feshin ba ta auna abin da ya shiga jikin kowane soja ba. Wanda bai ajiye lissafi ba, shi ya kamata asarar shakka ta hau.

Mutanen Biyetnam kuwa, da aka zuba gubar a gonakinsu, sun kai kamfanonin da suka haɗa maganin ƙara a Amurka. Kotu ta kori ƙarar a 2005.