Graceland: Yadda rangadin cika shekara 25 ya tono wa Paul Simon tsohuwar rigima

A yammacin Lahadi 15 ga Yulin 2012, dubban mutane suka cika filin Hyde Park da ke birnin Landan domin kallon wani dattijo ɗan Amurka mai shekara 70, gajere, rungume da jita.

Paul Simon ke nan, mawaƙin da ya yi suna tun shekarun 1960 tare da abokinsa Art Garfunkel. Sai dai a ranar ba tsofaffin waƙoƙinsu na ƙuruciya ne suka tara jama'a ba. An zo ne a ji Graceland, faifan da ya fitar a watan Agustan 1986, daga hannun makaɗan Afirka ta Kudu da suka yi shi tare da shi.

Ga Ray Phiri da jitarsa. Ga Bakithi Kumalo. Ga Hugh Masekela da ƙahonsa. Can kuma ga ayarin Ladysmith Black Mambazo sun yi sahu, Joseph Shabalala yana gaba.

An kira taron bikin cika shekara 25, duk da cewa mai ƙidaya zai ga an kusa 26. Ban da Landan, rangadin ya taɓa birane irin su Dublin da Brussels da Amsterdam, duk a cikin watan na Yuli.

Irin wannan rangadi ya zama ruwan dare ga tsofaffin mawaƙan rok. Tun da intanet ta karya kasuwar faifai, kuɗin ya koma wajen tikitin shiga, kuma babu abin da ke sayar da tikiti kamar alƙawarin za a rera wa mutum faifan da ya girma da shi. Roger Waters ya yi da The Wall daga 2010 zuwa 2013. Peter Gabriel ya yi da So a 2012. Ƙungiyar U2 ta yi da The Joshua Tree a 2017.

Na Graceland ya bambanta da su. Ba a iya ɗauko wannan faifai daga ma'ajiya ba tare da an ɗauko rigimar da aka ajiye shi da ita ba.

Kaset ɗin aro

A 1984 Simon yana cikin tsaka mai wuya. Faifansa na baya, Hearts and Bones, bai yi kasuwa ba, aurensa da 'yar fim Carrie Fisher ya mutu, kamfanin da ke buga masa waƙa kuma ya fara yi masa kallon wanda zamaninsa ya wuce.

A lokacin ne wata mawaƙiya mai suna Heidi Berg ta ba shi aron wani kaset na kiɗan unguwannin baƙaƙen fata na Afirka ta Kudu, salon da ake kira mbaqanga. Ya riƙa saka shi a mota yana bi da murya. Da aka bincika masa, aka gano masu kiɗan wata ƙungiya ce ta Soweto mai suna Boyoyo Boys.

A watan Fabrairun 1985 ya sauka a Johannesburg tare da injiniyan sautinsa Roy Halee, suka shafe kusan mako biyu a situdiyon Ovation.

Bai je da waƙa ko ɗaya a rubuce ba. Makaɗan ne za su yi ta kiɗi, a ɗauka a faifai, daga baya ya koma New York ya ɗora kalmomi a kai. Wato kiɗan ne ya riga waƙar zuwa duniya, kuma wannan shi ne tushen tambayar da ta biyo baya: wane ne mai waƙar?

Forere Motloheloa, mai kaɗa akodiyan daga Lesotho, shi ne sautin farko da kunne ke ji idan aka kunna faifan. General M.D. Shirinda ya zo da mawaƙan Gaza Sisters. Daga baya aka ƙaro wasu daga yammacin Afirka: Youssou N'Dour na Senegal ya buga kiɗa a waƙa guda, sannan Demola Adepoju, ɗan Najeriya daga ƙungiyar King Sunny Ade, shi ne ya ja wannan jitar mai kukan zaƙi a cikin waƙar da faifan ya ci sunanta. Sunan kansa na gidan Elvis Presley ne da ke birnin Memphis.

Dokar da aka ce ya taka

Matsalar ita ce lokacin da ya je. Nelson Mandela yana kurkukun Pollsmoor. Gwamnatin P.W. Botha tana murƙushe zanga-zanga a unguwannin baƙaƙe, kuma 'yan watanni bayan tafiyar Simon ta kafa dokar ta-ɓaci.

Tun a Disambar 1980 Majalisar Ɗinkin Duniya ta buƙaci mawaƙa da marubuta da sauran masu fasaha su ƙaurace wa ƙasar. Manufar ita ce a mayar da gwamnatin wariyar launin fata saniyar ware, kada ta samu abin nuna wa duniya cewa lamura na tafiya daidai.

Simon ya san da wannan. Ya taɓa ƙin karɓar tayin maƙudan kuɗi na yin wasa a Sun City, wurin shaƙatawar da gwamnatin ke jawo taurari da shi. Kafin ya tafi ya nemi shawarar Harry Belafonte, wanda ya ce masa ya fara tuntuɓar jam'iyyar ANC. Bai tuntuɓa ba.

Hujjarsa ita ce bai yi wasa a gaban 'yan kallo ba, bai karɓi ko sisin gwamnati ba, makaɗa baƙaƙen fata ya yi aiki da su, ya biya su ninki uku na abin da ake biyan makaɗi a New York, ya kuma sa sunayen wasunsu a matsayin abokan rubuta waƙa.

Masu sukarsa suka ce ƙauracewa ba ta da ƙofar baya. Idan aka bar kowa ya yanke wa kansa hukuncin cewa tasa tafiyar mai kyakkyawar niyya ce, to katangar ta rushe. Suka ƙara da cewa mutum ya je ƙasar da ake harbe yara a titi, ya dawo da faifan da bai fito fili ya la'anci masu harbin ba. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne gayyato Linda Ronstadt ta yi waƙa a faifan, alhali ita ta taɓa yin wasa a Sun City.

Maganar ta kai gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata, wanda a lokacin ɗan Najeriya ne ke shugabantarsa, Manjo Janar Joseph Garba, mutumin Langtang. A farkon 1987 aka wanke sunan Simon daga jerin waɗanda suka karya dokar. Amma wankin bai isa titi ba: da rangadin farko ya iso zauren Royal Albert Hall a Landan cikin Afrilun shekarar, masu zanga-zanga na tsaye a ƙofa, mawaƙa irin su Jerry Dammers da Billy Bragg da Paul Weller kuma suna neman ya ba da haƙuri.

Abin da ya dagula wa masu sukar lissafi shi ne waɗanda suka tsaya a bayansa. Miriam Makeba da Hugh Masekela sun fi shekara 25 suna gudun hijira saboda wannan gwamnati, babu mai iya koya musu zafinta. Su biyun suka shiga rangadin 1987, har da wasan filin Rufaro da ke Harare a Zimbabwe, inda baƙi da farare suka tsallako iyaka domin kallo. A kan dandamalin Masekela ya riƙa rera waƙarsa ta neman a saki Mandela.

Faifan ya ci lambar Grammy ta faifan shekara a 1987, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 14.

Zama da ɗan Tambo

Kafin rangadin na 2012, Simon ya koma Johannesburg a Yulin 2011 ya tara tsofaffin abokan aikinsa, suka yi atisaye, suka yi wasa a gaban 'yan kallo ƙalilan. Mai shirya fim Joe Berlinger ya bi shi da kyamara, abin da ya haifi fim ɗin Under African Skies.

Wurin da ya fi ɗaukar hankali a fim ɗin babu kiɗa a cikinsa. Simon ne zaune a kan kujera tare da Dali Tambo, ɗan tsohon shugaban ANC Oliver Tambo, wanda yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mawaƙa masu yaƙi da wariya a Birtaniya, kuma yana sahun gaba a masu sukar Graceland.

Tambo bai musanta daɗin kiɗan ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne lokacin bai dace ba, kuma amfanin da makaɗa 'yan ƙalilan suka samu bai kai nauyin gwagwarmayar al'umma baki ɗaya ba. Simon kuma ya tsaya a kan cewa mai fasaha ba ya neman izinin ɗan siyasa kafin ya yi aikinsa, ko da ɗan siyasar yana kan gaskiya.

Sun rabu cikin mutunci, har da runguma. Amma duk wanda ya saurara da kyau zai ga babu wanda ya janye maganarsa.

Kuma kowannensu yana da abin riƙewa. ANC ba ta yi kuskure ba da ta ji tsoron ɓaraka a katangar da ta sha wahalar ginawa. Su kuwa makaɗan, gwamnati ta tsare su a gida da dokar takardar izinin yawo, sannan ƙauracewar da aka yi domin su ta tsare muryarsu daga waje. An daɗe ana muhawara a kansu a Landan da New York, ba kasafai ake tambayarsu ba.

Wa ya ci riba?

Ladysmith Black Mambazo su suka fi kowa cin moriya. Salonsu na isicathamiya, waƙa da murya zalla babu ganga babu jita, ya taso ne daga ɗakunan kwanan leburorin da suka baro ƙauye zuwa birni, inda ake taka rawa da kan yatsun ƙafa don kada a ta da masu gadi. A gida sun riga sun yi suna tun shekarun 1970. Bayan Graceland Simon ya shirya musu faifan Shaka Zulu, wanda ya ci Grammy a 1988, daga nan duniya ta buɗe musu.

Ba kowa ne ya fita da farin ciki ba. Ray Phiri, wanda hannunsa ke cikin tsarin kiɗan waƙoƙi da dama, ya sha faɗa a hirarraki cewa ba a ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata ba. Ƙungiyar Los Lobos ta Amurka, wadda ta yi kiɗan waƙar ƙarshe a faifan, ita ma ta yi irin wannan ƙorafi, Simon kuma ya musanta. Duk da haka Phiri ya ɗauki jitarsa ya hau dandamali a 2012.

Shi kuwa Bakithi Kumalo, mai kaɗa jitar bes mai kaurin murya, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka kira shi situdiyo a 1985. Akwai wani ɗan gajeren gudu da ya yi da yatsu a waƙar You Can Call Me Al wanda makaɗa a duniya ke ta kwaikwayo har yau. Rabinsa na farko kaɗai ya kaɗa. Rabi na biyu injiniya ne ya juya faifan baya ya manna. Da aka fita rangadi, dole Kumalo ya nemo yadda zai yi da hannu abin da na'ura ta yi, kuma duk inda ya kai wurin sai fili ya ɗauki sowa.

Waɗanda babu

A Hyde Park an ga giɓi. Miriam Makeba ta rasu a Italiya a Nuwamban 2008, jim kaɗan bayan ta sauko daga dandamali. Thandiswa Mazwai, wadda tana yarinya lokacin da faifan ya fito, ita ta tsaya a wurinta ta rera waƙar da Makeba ke yi da Simon a 1987.

Headman Shabalala, ɗan'uwan Joseph, shi ma babu shi. Wani farar fata mai aikin gadi ne ya harbe shi a Disambar 1991, wata guda kafin Simon ya je Afirka ta Kudu ya yi wasa a fili karon farko da amincewar Mandela. Ko a wannan zuwan na Janairun 1992 sai da aka jefa gurneti a ofishin masu shirya wasan a Johannesburg, domin wasu ƙungiyoyin baƙaƙe ba su yarda lokacin ɗage ƙauracewar ya yi ba.

Masekela, yana da shekara 73, ya sake rera waƙar neman a saki Mandela a gaban mutanen Landan. Mutumin da ake roƙo a saka ya riga ya fito, ya yi shugabancin ƙasa, ya sauka, saura kwana uku ya cika shekara 94.

An fitar da faifan wasan na Hyde Park a 2017. A Yulin wannan shekarar Ray Phiri ya rasu. Masekela ya bi shi a Janairun 2018, Joseph Shabalala kuma a Fabrairun 2020.

A Satumban 2018 Simon ya rufe abin da ya kira rangadinsa na ban kwana a unguwar Queens da ke New York, inda ya taso. Kumalo yana tsaye a bayansa da jitar bes, shekara 33 bayan haɗuwarsu a situdiyon Ovation.