Ɗumamar Duniya: Gardamar Manya Ta Koma Kan Wanda Zai Biya

Shekara fiye da talatin ke nan shugabannin ƙasashe suna zama a kan maganar ɗumamar duniya, tun daga babban taron da aka yi a birnin Riyo na ƙasar Barazil cikin 1992. Da farko gardamar ita ce ko da gaske ne duniya tana ƙara zafi. Wannan kam masana sun yanke ta. Hayaƙin da ke fita daga ƙona kwal da man fetur da gas yana taruwa a sararin sama, ya riƙe zafin rana kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da yanayi ta bayyana cewa shekarar 2024 ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Abin da ya saura ana ja-in-ja a kansa shi ne wa zai rage hayaƙinsa, wa kuma zai biya kuɗin gyara.

A birnin Kiyoto na Japan, cikin 1997, aka ƙulla yarjejeniyar da ta ɗora wa ƙasashe masu masana'antu nauyin rage hayaƙi. To, amma tun kafin a zauna, Majalisar Dattijan Amurka ta riga ta yanke da ƙuri'a 95, ba ko ɗaya mai hamayya, cewa ba za ta karɓi wata yarjejeniyar da ta ƙyale ƙasashe masu tasowa irin su Sin da Indiya ba. Cikin 2001 Shugaba George Bush ya fito fili ya yi watsi da ita. Hujjar Amurka ba ta rasa tushe ba, domin wajen 2006 Sin ta zarce ta a yawan hayaƙin shekara. Sai dai amsar Sin da Indiya ta fi nauyi: hayaƙin nan yana daɗewa a sama, kuma in aka tara lissafi tun daga farkon zamanin masana'antu, babu ƙasar da ta kai Amurka. Wanda ya ci ya ƙoshi, in ji su, ba shi zai sa wa mai yunwa azumi ba.

A Faris, cikin 2015, aka sake dabara, watau kowace ƙasa ta faɗi abin da za ta iya da bakinta. Duk da wannan sassauci, Shugaba Donald Trump ya fitar da Amurka cikin 2020, Shugaba Joe Biden ya maido ta cikin 2021, ran 20 ga Janairun 2025 kuma Trump ya sake sa hannu a takardar fita. Yaya za a yi ciniki na shekara hamsin da abokin da maganarsa take juyawa duk bayan zaɓe?

Maganar kuɗi ita ce ta fi ci wa Afirka rai, nahiyar da hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba. A Kofanhegan, cikin 2009, ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala miliyan dubu 100 kowace shekara kafin 2020. Bisa lissafinsu na kansu, sai a 2022 suka cika, kuma kaso mai yawa na kuɗin rance ne. Watau wanda aka ɓata wa gona shi ake bai wa bashin gyara ta, da ruwa a kai. A Baku, cikin 2024, ƙasashe masu tasowa suka nemi dala miliyan dubu 1,300 a shekara, aka tsaya a kan 300 kafin 2035. Wakiliyar Indiya ta ƙi amincewa, ta Nijeriya kuwa ta ce wannan wasa ne.

Ita ma Nijeriya ba a ce hannunta fes yake ba. Da fetur take cin abinci, har yanzu kuma ana ƙona gas a banza a yankin Neja Delta, ko da yake Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a Gilasgo cikin 2021 cewa kafin 2060 ƙasar za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa. Amma ambaliyar 2022, wadda ta hallaka mutum fiye da 600 ta kuma raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ba ta jira wannan wa'adi ba.

A shekarar ce aka amince a Masar da kafa asusun taimakon ƙasashen da irin wannan ɓarna ta faɗa wa. Da aka buɗe shi a Dubai cikin 2023, alkawuran da aka tara ba su wuce kimanin dala miliyan 700 ba, alhali hasarar da ambaliyar 2022 ta jawo wa Pakistan kaɗai an ƙiyasta ta kai dala miliyan dubu 30.