Baƙo Mai Sana'a Da Mai Masaukinsa

Mando tana arewa da Kogin Kaduna, a bakin hanyar da ta nufi Birnin Gwari. Akwai tashar mota a nan, akwai kuma sansanin alhazai. Ba a rasa baƙi masu sauka: tela, da magini, da makanike, da malami da allunansa. Waɗansu neman arziki ya kawo su, waɗansu kuwa 'yan bindiga suka raba su da garuruwansu.

Abin tausayi shi ne, sai a ga gwanin tela ya shekara yana dako, alhali sana'arsa tana hannunsa. Dalili kuwa, ba wanda ya san shi. Wa zai miƙa yadinsa ga mutumin da bai san makwancinsa ba? Da ɗan gari akan ci gari.

Magabata sun san maganin wannan. A Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916, idan falke ya iso da shanu, mai gida ke saukar da shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali. In an sayar da shanun bashi, mai gida ne ke tsaya masa har kuɗinsa su fito. Da haka baƙon da bai san kowa ba yake ciniki hankali kwance.

Malamai kuwa sun san asalin abin. Bayan Hijira a 622, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u. Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Ya fara da cuku da man shanu, har ya zama cikin mawadatan Sahabbai.

To, abin da baƙo mai sana'a yake bukata a Mando ke nan. Wanda ya riga shi zama ya gwada aikinsa, ya ba shi gefen rumfa, ya sanar da shi farashin gari, ya kai shi ga mai unguwa da shugaban masu sana'ar, ya ce ya tsaya masa. Shi kuma baƙo ya riƙe amana, gama in ya ci ta, ya rufe ƙofa ga na bayansa.

Allah Ya haɗa kowane baƙo da mai masauki nagari, amin.